Wa Ke Ɓoye Bayan "An"? Nazarin Wata Tallar Zuba Jari



Yau ba gyaran ƙugiyar "ɗ" da "ƙ" na zo da shi ba, ko da yake daga can maganar ta faro. Makon jiya wani tsohon ɗalibina, ɗan wajen Makarfi da ke sana'ar POS, ya turo mini rubutu a waya. Ya ce, "Malam, don Allah a duba mini ƙa'idojin rubutu, talla ce zan watsa." Wani kamfanin zuba jari ne ya ɗauke shi wakili. Da Turanci aka ba shi tallar, shi da abokinsa suka juya ta zuwa Hausa, aka kuma yi masa alkawarin la'ada a kan duk wanda ya kawo. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, na yaron ma haka. Sai dai ku lura da lokacin: an gama girbin masara, rake ya fara fita, masu mazarƙwaila sun hura wuta, ɗan kuɗi ya shigo hannun mutane daga Hunƙuyi har Paki. Masu irin wannan talla sun san kalandar manomi fiye da yadda muke zato.

Ga rubutun bayan na gyara shi:

"Zuba dubu hamsin ka samu dubu ɗari cikin kwana 30. An yi mana rajista da gwamnati. Riba tabbatacciya, babu asara. Kuɗinka zai ninku kana zaune a gida. Ana biya kullum, dubban mutane sun amfana. Kasuwanci ne na halal, babu kuɗin ruwa. Gurbi ya kusa cika."

Gyaran bai ci minti biyar ba. Ya rubuta "anyi" da "kasamu" a haɗe, na raba su, don lamirin suna ba ya mannewa da aikatau. Ya rubuta "kudin ka" a rabe, na haɗe shi na sa masa ƙugiya. Shi ke nan. Ta fuskar ƙa'ida yanzu rubutun ba shi da tabo. To a nan ne fa gabana ya faɗi, domin na ga na wanke wa abin fuska ne kawai. Rubutu mai kuskure yakan sa mai karatu ya ɗan ja baya, tsaftatacce kuwa sai ya shige ba a tare shi ba. Shi ya sa na ce bari mu zauna mu karanta shi a matsayin ɗaliban nahawu, mu ga abin da kowace jimla ta faɗa, da abin da ta bar mai karatu ya faɗa wa kansa.

Na fi so mu fara da jimla ta biyu, don ita ce ginshiƙin tallar: "An yi mana rajista da gwamnati."

Wannan "an" da 'yan uwanta, wato "ana", "za a", "akan", "aka" da "a", su ne lamirin da ba ya nuna jinsi, ba ya nuna adadi, ba ya nuna ko wane ne. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya lissafa shi a matsayin mutum na huɗu. Ba mugun abu ba ne. Da shi muke kunya, da shi muke ladabi. Yaron nan da kansa "a duba mini" ya ce, bai ce "ka duba mini" ba, saboda girmamawa. Matar aure ta ce "an dawo", kowa ya san wa take nufi. Mai gida ya ce "an fasa tulu" don kada ya kunyata yaro a gaban baƙi. A duk waɗannan wuraren mai magana da mai sauraro sun san aikau, sakaya shi kawai aka yi. Matsala tana zuwa ne idan mai magana kaɗai ya san shi, ko ma babu shi sam, aka bar mai sauraro ya cike gurbin da abin da ransa ke so. Manomin da ya karanta "an yi mana rajista da gwamnati", abin da zai ji a ransa shi ne hukuma ta bincika mutanen nan, ta amince da su, in wani abu ya faru akwai inda za a je. Jimlar kuwa ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Sai kalmar "gwamnati". Wace? Ƙaramar hukuma gwamnati ce, jiha gwamnati ce, tarayya ma haka, kuma a tarayyar hukumomi ne birjik, kowace da aikinta. Hukumar CAC ita ke yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista. Mai gidan burodi a Ikara zai iya samun takardarta, tela ma zai iya, ni ma in na ga dama gobe sai in yi wa shagon sayar da littattafai. Takardar CAC shaida ce cewa akwai kamfani mai suna kaza. Ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Wanda zai karɓi ajiya, lasisin Babban Bankin Nijeriya, CBN, yake bukata. Wanda zai tara kuɗin mutane ya juya musu da sunan zuba jari, sai hukumar SEC ta yi masa rajista a kan wannan aikin takamaimai. Ɗalibai kun fi kowa sanin bambancin. "An yi masa rajistar NECO" daban, "ya ci NECO" daban. Ba wanda ke kai takardar rajista jami'a ya ce a ba shi gurbi.

Kada wani ya ce Malam yana tsefe gashin da babu ƙwarƙwata. Wannan jimlar ta riga ta cinye dukiyar mutane. CBEX, wanda ya durƙushe a watan Afrilun 2025, ninki yake alkawari cikin kwana 30, daidai da tallar da ke gabanmu. Masu tallata shi sun riƙa nuna takardar CAC da takardar SCUML, wani sashe da ke ƙarƙashin EFCC. Mutum ya ga sunan EFCC a takarda, ai magana ta ƙare. Bayan abin ya fashe, EFCC ta bayyana cewa wani kamfani mai suna ST Technologies ne ke da rajistar SCUML ɗin, kuma takardar ba izinin gudanar da harkar zuba jari ba ce. Aikin SCUML shi ne sa ido kan sana'o'i irin na dillalan motoci, masu otal, masu sayar da gwal da dillalan gidaje, don kada a wanke kuɗin haram ta hannunsu. SEC kuma ta ce ba ta taɓa yi wa CBEX rajista ba. Ku duba da kyau: takardu na nan, "an yi rajista" ba ƙarya ba ce tsagwaronta. An yi. Amma wa aka yi wa, wa ya yi, kuma ta yin me? Amsoshin nan uku su ne "an" ta haɗiye. Jaridu sun yi ta ambaton asarar naira tiriliyan 1.3, a Ibadan kuma fusatattun mutane suka afka ofishin suka kwashe abin da suka samu. Kujera da fanka ba su mayar wa kowa da jarinsa ba.

Kusa da gida ma an yi. A watan Fabrairun 2019 SEC ta rufe ofishin wani kamfani a Kano mai suna Dantata Success and Profitable Company, bisa cewa yana karɓar kuɗin jama'a ba tare da rajistarta ba, yana kuma alkawarin ribar kashi 25 zuwa 50 cikin 100. Har fom ake saye kafin a zuba kuɗi, mafi ƙarancin abin da ake zubawa kuwa naira dubu 50 ne. A nan suna ne ya yi aikin da "an" ta yi a tallarmu. Bahaushe ya san sunan Ɗantata da kasuwanci tun zamanin dalar gyaɗa, in ya gan shi a allo sai hankalinsa ya kwanta. Hukuma kuwa ba suna take dubawa ba, takarda take tambaya. Shi ma CBEX haruffan sunansa sun zo ɗaya da na wata kasuwar hannun jari ta birnin Beijing a ƙasar Sin, wasu suka ɗauka abu ɗaya ne, alhali babu abin da ya haɗa su.

To mu koma jimlar farko: "Zuba dubu hamsin ka samu dubu ɗari."

Ɗan gyara tukuna, don na san masu ido a shafin nan ba za su ƙyale ni ba. A daidaitacciyar Hausa, in karɓau suna ne ya biyo baya, "ka sami dubu ɗari" ake so. Amma "samu" a wannan muhalli ta yi yawa a bakin mutane da rubuce-rubuce har ba na jan wa ɗalibi jan biro a kanta. Abin da ya fi damuna shi ne "ka". Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, saboda haka "ka samu" a takarda tana da fuska fiye da ɗaya. In aka ja wasalin da karin sama, shuɗaɗɗen lokaci ne: ka riga ka samu. In aka ja shi da karin faɗau, lokaci na gaba na biyu ne, irin na "yi haƙuri, ka samu wata rana", wanda fata ne mai ƙarfi amma ba yankan shakku ba. In kuwa gajere ne da karin ƙasa, umurtau ne, kuma shi ne na tallarmu, tun da ya biyo bayan umarni: zuba, ka samu. Umurtau ba ya ɗauke da lokacin kansa. Manufa yake nunawa, kamar a ce "je ka kasuwa ka sayo gishiri". Wanda ya faɗi haka bai yi rantsuwa cewa akwai gishiri a kasuwa ba.

Yanzu ku gwada ta da wannan: "Mu, kamfani kaza, za mu biya ka dubu ɗari ranar kaza." Nan akwai aikau, akwai aikatau mai nauyi, akwai rana. In ranar ta zo ba a biya ba, kana da wanda za ka riƙe wa riga. A jimlar tallar kuwa, wa ke aiki? Kai ne. Kai ka zuba, kai za ka samu. Kamfanin bai fito a matsayin aikau ba ko sau ɗaya. Ku koma ku karanta tallar daga farko har ƙarshe, ku nemo mini "mu" ko "za mu". Wuri ɗaya tak kamfanin ya leƙo, a cikin "mana", nan ma a matsayin wanda aka yi wa abu, ba mai yi ba. Jimla bakwai a kan kuɗin mutane, babu inda mai karɓar kuɗin ya ce "zan yi". Wannan ba rashin iya fassara ba ne. Na nemi yaron ya turo mini ta Turancin, ita ma haka aka gina ta.

"Kuɗinka zai ninku" ta ƙara fito da abin fili. Waɗanda suka yi giredin aikatau, tsarin nan na F. W. Parsons, sun san "ninku" giredi na bakwai ne, ajin su dafu, gyaru, taru, ɗinku. Aikatau ne da ke ɗauko wanda aiki ya faɗa wa ya zaunar da shi a kujerar aikau, mai aikin kuma ya ɓace. "Nama ya dafu", ba ruwanmu da wanda ya dafa. A kicin wannan ba laifi. A harkar kuɗi kuwa tambayar duka tana wurin wanda aka ɓatar: wa zai ninka shi, da wace sana'a, wa zai sayi abin da aka samar? Ku tambayi mai rake a Kudan yadda dubu hamsin ɗinsa ke zama riba, zai lissafa muku iri, taki, ban ruwa, watannin jira, 'yan sara, kuɗin mota, la'adar dillali, ya kuma ƙara da cewa in kasuwa ta cika da kaya sai a tashi da ƙyar. Kowane mataki da mai yinsa, kowane mataki ana iya zuwa a gani da ido. Amsar CBEX ga wannan tambaya ita ce wai ƙirƙirarriyar basira ke yi musu cinikin kuɗin kirifto. Wato an kawo wani aikau da ba a gani, ba a kuma iya yi masa tambaya. "An" ce dai ta sake riga.

Bari mu ɗan ari allon malamin lissafi. In dubu 50 na ninkuwa duk wata, aka bar ta ba a taɓa ba, wata na farko dubu 100, na biyu dubu 200, na shida miliyan 3 da dubu 200, a wata na goma sha biyu ta zama naira miliyan 204 da dubu 800. Daga dubu hamsin, cikin shekara guda. A lokacin da CBEX ya faɗi, ma'aunin kuɗin ruwa na CBN kashi 27.5 ne cikin 100, a shekara fa, ba a wata ba, kuma 'yan kasuwa kuka suke da tsadarsa. To wanda ke da injin da ke ninka kuɗi duk wata, me zai kai shi bin mai POS a Tashar Yari yana roƙon dubu hamsin, har da biyan la'ada? Ai banki zai shiga ya ci bashi, ya biya ruwan yana dariya, sauran ya zama nasa shi kaɗai.

"Riba tabbatacciya" ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sifa ce 'yar aikatau, irin su dafaffe, wankakke, ginanne, masu siffanta abin da aiki ya riga ya kammala a kansa. Dafaffen nama ana iya ɗanɗanawa, ginannen gida ana iya shiga. An ɗauko sifar abin da ya gama faruwa an liƙa wa abin da ko fara shi ba a yi ba. "Babu asara" kuma korewa ce ta gaba ɗaya, wadda ko mai sayar da gishiri ba zai yi ba, don ya san ruwan sama.

Inda na fi jin tausayin mai karatu shi ne "Ana biya kullum, dubban mutane sun amfana", domin wannan jimlar tana iya zama gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma ita ce ke kashe mutane. Lokaci mai ci yana ba da labarin yanzu ne kawai. "Ana ruwa" gaskiya ce har zuwa sa'ar da aka ɗauke. Irin wannan harka dole ta biya a farko, in ba ta biya ba wa zai shigo? Kuɗin na baya ake ɗauka a ba na gaba, na gaban ya ɗauki hoton alat ya watsa, ya zama shaida ba tare da an biya shi kuɗin talla ba. Haka Charles Ponzi ya yi a birnin Boston na Amurka a 1920, da alkawarin kashi 50 cikin kwana 45, har aka laƙaba wa dabarar sunansa. Haka MMM ta Sergei Mavrodi ta yi a nan Nijeriya da kashi 30 a wata. Ta biya, ta biya, ta biya, sai a watan Disambar 2016 ta ce ta dakatar da cire kuɗi na wata guda. A farkon 2017, wajen bikin baje koli na Kaduna, hukumar NDIC ta ce kimanin 'yan Nijeriya miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Su ma "dubban mutane" ne, har sun zarce. Tallar dai ba ta ƙirga su, waɗanda "suka amfana" kaɗai take ƙirgawa.

MMM ma gwana ce wajen zaɓen kalma. Ba ta ce kana zuba jari ba, ba ta ce tana ba ka ruwa ba. Cewa ta yi kana "ba da taimako", daga baya kai ma ka "karɓi taimako". Ga al'ummar da ta tashi da gayya da adashi da gudummawar biki, wannan kalma ta sami wurin zama. Amma adashi lissafinsa a rufe yake: mutum goma, kowa dubu biyar, kwasa dubu hamsin, ba ƙari ba ragi, kuma kowa ya san gidan uwar adashi. Taimakon da ke dawowa da ƙarin kashi 30, daga aljihun wa ƙarin ya fito?

Wannan ya kawo mu jimlar da aka sa musamman dominmu, don babu ita a ta Turancin. Yaron ya ce ogansu ne ya ce a ƙara: "Kasuwanci ne na halal, babu kuɗin ruwa." Hukunci na malamai ne, amma kalma tamu ce, bari mu tsaya a kanta. Hausa tana da kalmomi biyu da muke rubutawa iri ɗaya, "riba". Akwai mai dogon wasalin farko, wadda ɗan kasuwa ke ci in ya saya ya sayar. Akwai mai gajeren wasali, wadda aka hana, wato ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi. Asalinsu ma a Larabci kalmomi biyu ne daban. A baki ba sa rikicewa, a takarda kuwa tagwaye ne. Mai talla ya rubuta "riba", ya ɗora "halal" a gefe, mai karatu ya karanta da dogon wasali. Amma me aka siffanta? Ka ba da dubu hamsin, a mayar maka da dubu ɗari, rana kaza, ko an ci ko ba a ci ba. A ƙiradi, wanda bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz da TAJ ke kira mudaraba, kason riba ake yankewa, ba adadin kuɗi ba: in an samu a raba bisa kaso kaza, in an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, asarar dukiya na kan mai dukiya. Ke nan "babu asara" da "babu kuɗin ruwa" ba sa zama a tabarma ɗaya. Tallar ta ƙaryata kanta tsakanin jimla ta uku da ta shida, kuma ba a bukatar zuwa Abuja kafin a gane haka. Karatu kawai ake bukata.

"Gurbi ya kusa cika" kuwa kowa ya san ta, ta ɗan kamasho ce a tasha: saura mutum ɗaya. Aikinta ta hana ka kwana da maganar, ta hana ka tambayar wani.

Don adalci, ba masu damfara kaɗai ke wasa da harshe ba. Bankuna masu lasisi ma sukan rubuta "har zuwa kashi kaza", alhali "har zuwa" rufi take nunawa, ba daɓe ba, wanda ya sami kashi ɗaya ma yana cikin "har zuwa ashirin". Sukan rubuta "kyauta" da manyan baƙaƙe, sharuɗɗa da ƙanana. Wannan ma abin suka ne, wata rana za mu zauna a kansa. Bambancin shi ne a can akwai aikau mai suna da adireshi, akwai kuma mai tsawata masa. Da CBN ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, NDIC ta shigo ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowanne, wanda shi ne iyakar inshorar ajiya a bankunan kasuwanci, na ƙananan bankuna kuwa miliyan 2 ne. An sha wahala, masu manyan kuɗi sun yi jira, amma akwai ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Wanda ya zuba a CBEX ba shi da wannan ƙofa. Abin da ya samu shi ne saƙon cewa ya ƙara biyan dala 100 ko 200 don a "tantance" asusunsa kafin ya cire kuɗinsa.

Ku kuma saurari harshen da ake yi bayan faɗuwa, za ku ji tsohuwar ƙawarmu ta dawo. "An sami 'yar matsala." "Ana gyara." "Za a biya kowa." "A ƙara haƙuri." Lamirin da ya jawo mutum ciki, shi ne ke sallamarsa. Alƙali kuwa ba ya aika wa "an" sammaci.

Wanda ake aika wa shi ne mai fuska, kuma abin da na fi nanata wa yaron ke nan. Na ce masa, kai ne kaɗai suna a cikin wannan harka. Mutanen garinku ba su san kamfanin ba, ba su san oga ba, kai suka sani, sun san shagonka, sun san ƙofar gidan mahaifinka. Ranar da abin ya tsaya, ba intanet za su je ba. Ga kuma doka: sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan harka da masu tallata ta. La'adar dubu biyu a kan kowane kai ba ta kai wannan ba.

Ya ce, "To Malam, yanzu ya zan gane na gaskiya ne ko ba na gaskiya ba?" Na ce aikin aji za mu yi, irin wanda muka saba: mayar da jimla mai ɓoyayyen aikau zuwa mai bayyanannen aikau. Na rubuta masa tallar a sabon tsari, na bar gurabe:

"Mu ne kamfani ......, hukumar ...... ta ba mu izinin ...... mai lamba ....... Za mu sa kuɗinka a sana'ar ....... In an ci riba za mu ba ka kashi ......, in an faɗi ...... ne zai ɗauki asarar. Ofishinmu yana ......, shugabanmu shi ne ......."

Na ce ya kai wa ogansa ya cike. Kamfanin gaske zai cike wannan cikin minti biyu, don amsoshin na rataye a bangon ofishinsa. In an cike, sai ya ɗauki sunan, harafi da harafi yadda yake a takarda, ya neme shi a jerin sunayen da SEC ke wallafawa na waɗanda ta yi wa rajista, ko jerin CBN in sun ce su banki ne, ya kuma duba ko aikin da aka ba su izini shi ne wanda suke tallatawa. Sannan ya dubi asusun da ake tura kuɗin: sunan kamfanin ne a kai, ko na wani mutum? Nan take ya ce mini na mutum ne, kuma sau biyu ana canza shi tun da ya shiga.

Ya tura guraben a rukuninsu na WhatsApp da daddare. Da safe ya nuna mini amsar da oga ya bayar: "An riga an yi duk wannan. A daina kawo ruɗani, a ci gaba da aiki." Kafin azahar an cire shi daga rukunin. Dubu ashirin ɗinsa da ya zuba don gwaji tana can, an ce masa ranar 30 ga wata za a biya. Kawunsa kuma, wanda ya yi niyyar sa kuɗin buhu goma na masara, ya ce zai jira ya ga ranar tukuna.